Littattafan Sirrin Jakadu da Abin da Ya Rage a Adakokinmu

Shekara ashirin ce kacal tsakanin ranar 28 ga Yuni 1919, da aka sa hannu a kan yarjejeniyar Versailles, da ranar 1 ga Satumba 1939, da sojojin Jamus suka auka wa Folan, amma da wuya a sami wani zamani da jakadu suka bar rubutu mai yawa kamar wannan. Tarho bai zama abin dogaro ba tukuna wajen magana tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma jirgin sama bai sauƙaƙa wa shugabanni zirga-zirga ba, saboda haka jakadan da ke zaune a Balin ko Landan ko Tokyo shi ne idon gwamnatinsa da kunnenta, kuma duk abin da ya gani ko ya ji dole ya bi ta kan takarda. Akwai saƙon tangaraho da ake juyawa zuwa lambobin sirri kafin a buga shi. Akwai doguwar wasiƙar hukuma da ke tafiya cikin jakar diflomasiyya, wadda ba a yarda ɗan kwastan ya buɗe ba, da kuma wasiƙar da jakada ke rubuta wa ministansa shi kaɗai. Sa'an nan akwai littafin yau da kullum, wanda yake cikawa da dare bayan baƙi sun watse, kuma wannan na ƙarshe shi na fi bibiya.

Ni malamin tarihi ne da ya aje aiki a nan Birnin Kebbi, kuma abin da na tara bai kama ƙafar abin da attajiran Turai ke saye a gidajen gwanjo ba. Mafi yawansa bugaggun littattafai ne da suka riga suka sha hannu, da kwafin fayiloli daga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da hotunan shafukan da na sauke daga intanet, sai 'yan takardu na asali da wasu gidaje suka ba ni amana.

Darajar littafin yau da kullum tana cikin jahilcin mai shi game da gobe. Wasiƙar hukuma ana tsara ta ne don idon na gaba, shi kuwa tarihin rayuwa da tsohon jakada ke wallafawa bayan ya yi furfura, ya riga ya san yadda al'amari ya ƙare, don haka yakan gyara wa kansa zama a cikin labarin. Wanda ya rubuta shafinsa a daren da abin ya faru ba shi da wannan dama. Harold Nicolson ƙaramin jami'i ne a tawagar Birtaniya a taron sulhu na Faris a 1919, kuma daga rubutunsa ne muka sami hoton Wilson na Amurka da Lloyd George na Birtaniya da Clemenceau na Faransa sun sunkuya a kan taswira suna yanka yankunan daular Usmaniyya, alhali saninsu da waɗannan wurare bai taka kara ya karya ba. Babu takardar bayan taro da za ta nuna maka wannan. Haka ma Alexander Cadogan, babban sakataren ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya daga 1938 zuwa 1946, mutum ne da aka sani da kamewa da ƙarancin magana, amma da aka buga littafinsa a 1971 sai ga shi yana caccakar 'yan siyasa da kakkausan harshe. A can ne aka ga yadda hankalinsa ya tashi a ƙarshen Satumba 1938, sa'ad da Firayim Minista Chamberlain ya dawo daga Godesberg da niyyar amincewa da sharuɗɗan Hitila a kan Cekoslobakiya, da yadda ya matsa wa ministansa Halifax har ya kwana bai runtsa ba, gari ya waye ya sauya ra'ayi a gaban majalisar ministoci. Bayan 'yan kwanaki dai an je Munich an miƙa wa Hitila yankin Cekoslobakiya da yake nema, amma littafin ya tabbatar da cewa a cikin gidan ma ba a taru a kan baki ɗaya ba.

Duk da haka, wanda ya ɗauka cewa irin wannan littafi yana isowa hannunmu a wanke ya yaudari kansa. A ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna, mutumin da ya keɓe rubutu na musamman don lissafa malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su, ba sai an yi dogon bayani a kan isnadi ba. Malamin hadisi ba ya karɓar magana don daɗinta, sai ya tambaya wane ne ya ji daga wane, kuma ko sun taɓa haɗuwa. Tambayar mai tara takardu ke nan: wa ya rubuta, yaushe ya rubuta, wa yake tsammanin zai karanta, kuma ta hannun su wa takardar ta bi kafin ta iso gare ni. A ganina, amsar wannan tambaya ita ce rabin darajar kowace takarda, kuma ita ce abin da aka fi sakaci da shi.

Littafin Galeazzo Ciano ya isa misali. Surukin Musolini ne, shugaban gwamnatin Italiya, yana auren 'yarsa Edda, kuma shi ne ministan harkokin wajen Italiya daga 1936 zuwa farkon 1943. Yana rubutu kusan kowace rana, kuma bai ɓoye wa kowa cewa yana yi ba, har shi Musolini ya sani. A watan Yuli 1943 ya jefa ƙuri'a tare da waɗanda suka juya wa surukinsa baya, daga baya ya faɗa hannun Jamusawa, aka yi masa shari'a a Verona, aka harbe shi ranar 11 ga Janairu 1944. Kwana biyu kafin wannan rana Edda ta tsallaka iyaka zuwa Suwizalan da littattafan a ɗaure a jikinta ƙarƙashin tufafi, bayan yunƙurinta na musayar su da ran mijinta ya ci tura. A farkon 1945 Allen Dulles na hukumar leƙen asirin Amurka ya shawo kanta aka ɗauki hoton shafukan, wata jaridar Chicago ta fara buga su a wannan shekara. Wannan isnadi ne mai ƙarfi, domin an san kowane hannu da littafin ya bi. Matsalar tana wajen marubucin kansa. Ciano ya sami watanni bayan an sauke shi daga minista, ya riga ya hango inda yaƙin ya dosa, kuma masana sun ga alamun an cire wasu shafuka an sake rubuta su, ga kuma gabatarwar da ya rubuta a kurkuku a Disamba 1943 yana ɗora laifin komai a kan Jamusawa da Musolini. Saboda haka idan na karanta inda yake kokawa da yadda Ribbentrop, ministan harkokin wajen Jamus, ya ɓoye masa shirin yaƙi a Agusta 1939, nakan yarda, domin wasu takardu sun goyi bayansa, amma idan na iso inda yake wanke hannunsa daga mamaye Albaniya da Girka, waɗanda shi ne kan gaba wajen ingiza su, sai in riƙe alƙalamina.

Na Ivan Maisky kuwa wani iri ne. Shi ne jakadan Tarayyar Sobiyet a Landan daga 1932 zuwa 1943, a daidai lokacin da Sitalin ke kiran jakadunsa gida ɗaya bayan ɗaya ana kashe su ko a ɗaure su. A irin wannan hali ajiye littafin sirri kasada ce, amma Maisky ya yi ta rubuta hirarrakinsa da Cocil da Lloyd George da Eden da attajiran jarida. An kama shi a Fabrairu 1953, makonni kaɗan kafin mutuwar Sitalin, aka ƙwace takardunsa, kuma ko da aka sake shi a 1955 littafin ya ci gaba da zama a ma'ajiyar ma'aikatar harkokin waje a Mosko, har wani masanin tarihi, Gabriel Gorodetsky, ya ci karo da shi a 1993, aka buga fassararsa ta Turanci a 2015. Ƙwacewar nan, duk da zaluncin da ke cikinta, ita ta tsare littafin daga gyaran mai shi, kuma yanzu ana iya jera shi kusa da tarihin rayuwar da Maisky ya wallafa a shekarun 1960 a ga inda tsoho ya saɓa wa kansa. Sai dai mai karatu ya tuna cewa mutumin ya rubuta kowane layi yana sane da cewa wata rana jami'an tsaro na iya karantawa, don haka yabon da yake yi wa Sitalin ba shaida ba ne a kan abin da ke zuciyarsa.

Inda isnadi ya yi rauni, shakka ba ta ƙarewa. William Dodd, malamin tarihi a Jami'ar Chicago wanda Shugaba Roosevelt ya aika Balin daga 1933 zuwa 1937, ya rasu a 1940, kuma 'ya'yansa biyu ne suka shirya littafinsa suka buga a 1941. Tun daga lokacin ake muhawara a kan wane layi ne na uban, wane ne na masu shiryawa. Abin ya fi muni a kan Maxim Litvinov, ministan harkokin wajen Sobiyet daga 1930 zuwa 1939. A 1955, bayan mutuwarsa, aka buga wani littafi a Landan da sunan rubutunsa na sirri, har babban masani E. H. Carr ya yi masa gabatarwa, daga baya aka tabbatar jabu ne. Wanda ya ƙirƙira shi ya san yanayin ma'aikatar sosai, shi ya sa ya ruɗi masana. Shi kuwa littafin jabu na Hitila da mujallar Stern ta saya da kuɗin Jamus mark miliyan 9.3 a 1983 bai yi sati biyu a fili ba asirinsa ya tonu, domin binciken takardar da zaren ɗinkin ya nuna sinadaran da ba a fara amfani da su ba sai bayan yaƙi. Darasin da na ɗauka a nan na aiki ne kawai: ba na amincewa da takardar da mai sayarwa ya hana a ga bayanta da gefenta da ambulan ɗinta.

Wani abin da ya ƙara wa takardun mutum na kansa muhimmanci shi ne cewa na hukuma ma ba su tsira ba. Ranar 16 ga Mayu 1940, da labari ya iso Faris cewa Jamusawa sun keta layin tsaro, ma'aikatan harkokin wajen Faransa suka riƙa jefo fayiloli ta taga ana ƙona su a farfajiyar ma'aikatar, kuma bayan yaƙi sai da aka bi ofisoshin jakadanci da gidajen tsofaffin jami'ai ana tattara kwafi don a cike giɓin. Sashen sirri na yarjejeniyar da Molotov na Sobiyet da Ribbentrop suka sa wa hannu ranar 23 ga Agusta 1939, wanda ya raba gabashin Turai tsakanin Jamus da Sobiyet, duniya ta san shi ne ta wani ɗan ƙaramin fim da wani jami'in Jamus, Karl von Loesch, ya binne a ƙasa maimakon ya ƙona, ya nuna wa Turawan Yamma a 1945, ita kuwa Mosko ta ci gaba da musun sa har 1989. Wani babban ɓangare na littattafan Harry Kessler, wanda ya taɓa zama wakilin Jamus a Warsaw a 1918, a cikin akwatin ajiyar banki aka same shi a tsibirin Mallorca a 1983, shekara arba'in da shida bayan mutuwarsa. Ga kuma dokar ɓoye takardu. Birtaniya ta kafa wa'adin shekara 50 a 1958, ta rage shi zuwa 30 a 1967, wato kafin nan masu bincike sun dogara ne da abin da jakadu suka ga damar bugawa. Lord D'Abernon, jakadan Birtaniya, ya bar Balin a 1926, ya fara buga littafinsa a 1929, kuma wanda ya riga kowa magana irin haka shi ke shimfiɗa tabarmar da na baya za su zauna a kai.

Ƙananan takardu ma suna da nasu amfani, kuma su ne ƙarfin mai ƙaramin aljihu ke iya kaiwa gare su: katin ziyara da ake lanƙwasa kusurwarsa don nuna cewa mai shi ya zo da ƙafarsa, da jerin abincin liyafa da aka rubuta da Faransanci, harshen diflomasiyya na zamanin, da tsarin wurin zama a teburi wanda ke nuna wa ya fi wa matsayi, da ambulan mai kan sarkin Suwizalan da aka buga wa sunan Majalisar Ƙasashen Duniya ta Janeba, da fasfon Nansen da aka ƙirƙiro a 1922 don 'yan gudun hijirar da ba su da ƙasa. Abin da nake ƙi a wannan kasuwa shi ne ɗabi'ar dillalan da ke sayen tarin wasiƙun mutum guda su warwatsa shi, su sayar da kowace wasiƙa daban, wani lokaci ma su yanke sa hannun su yar da sauran. Riba tana ƙaruwa, amma wasiƙar da aka raba da amsarta ta zama rabin magana.

Ita wannan Majalisa ta Janeba, wadda aka kafa a 1920 aka rushe a 1946 bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaje ta, ta bar shafuka sama da miliyan 14, kuma tsakanin 2017 da 2022 an ɗauki hotonsu duka an ɗora a intanet kyauta. Wannan ya sauya wa irina aiki ƙwarai, domin abin da a da sai mai kuɗin jirgi da biza, yanzu yana buƙatar data da haƙurin jiran sabis ne kawai. A can na fara neman Afirka, na tarar da ita 'yar kaɗan a kujerun wakilai, mai yawa a cikin fayiloli. Laberiya da Afirka ta Kudu suna cikin waɗanda aka fara da su, Habasha ta shiga a 1923, Masar a 1937. Da Italiya ta mamaye Habasha a Oktoba 1935, Hoare na Birtaniya da Laval na Faransa suka ƙulla shirin ba Musolini babban yankin ƙasar a asirce, shirin ya fallasa a jaridu a Disamba, kuma ranar 30 ga Yuni 1936 Sarki Haile Selassie ya tsaya gaban Majalisar ya kai kukansa. Jakadansa a Landan a lokacin, Hakim Workneh, wanda Turawa ke kira Dakta Charles Martin, shi ma ya ajiye littafin yau da kullum, kuma Italiyawa sun kashe 'ya'yansa maza biyu a 1937. Irin wannan murya, ta ɗan Afirka da ke cikin ɗakin da kansa, ita ce ta fi ƙaranci a dukan abin da na tara.

Mu kuwa ba mu da kujera. Landan ce ke magana da yawun Nijeriya, kuma Gwamna Lugga, bayan ya bar ƙasar nan, ya shafe fiye da shekara goma, har zuwa 1936, a kwamitin Majalisar da ke sa ido a kan yankunan amana, wato ƙasashen da aka ƙwace daga Jamus da daular Usmaniyya aka ba wasu riƙo, ciki har da sashen Kamaru da aka haɗa da Nijeriya wajen mulki. Ƙa'idar kwamitin ita ce, duk mazaunin yankin da ke da koke sai ya bi da shi ta hannun gwamnatin da yake ƙara, wadda za ta haɗa da nata bayanin kafin ya isa Janeba. Daga wannan yanki ne aka sami littafin Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya riƙa sa a rubuta masa al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, yana hulɗa da Jamusawa, sa'an nan Faransawa, sa'an nan Ingilishi, yana lissafa kyautar da ya aika da wadda ya karɓa, da hare-haren kamun bayi da ya tura, ba tare da wata kunya ba. Turawa suka kama shi a 1927, suka fassara littafin, kuma ta wannan fassara ce aka buga shi a 1995. Wato ko muryar namu da ta tsira, ta bakin wanda ya tuɓe shi ta fito.

Rashin kujera a Janeba bai hana mu hulɗa da duniya ba, kuma nan ne nake ganin aikin ɗan Kebbi ko ɗan Zamfara yake. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka ziyarci Ingila, bayan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya buɗe hanyar a 1921. Jaridun can sun ba da labarin ziyarar yadda suka gan ta, jami'an da suka raka su sun rubuta rahoto, amma sarki ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai 'yan majalisa da magatakarda da tafinta da barori, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A wannan shekarar dai Sarkin Musulmi Hassan ya je Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, wadda kuma ake danganta farkon bikin kamun kifi da ita. Irin wannan sulhu ba ya faruwa sai manzanni sun yi ta kai da kawowa, an yi musayar wasiƙu masu hatimi, an daidaita wa zai tarbi wa kuma a ina. Wannan diflomasiyya ce cikakkiya, ko da ba a sa mata wannan suna a fayil ɗin Razdan ba.

Hanya mafi faɗi da talakawanmu suka shiga takardun jakadu ita ce hanyar Makka. Ofishin Birtaniya a Jidda, inda Reader Bullard ya yi ƙaramin jakada daga 1923 zuwa 1925 ya kuma dawo a matsayin jakada a 1936, yana aika rahoto a kai a kai da kuma rahoton aikin hajji na kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu suna cikin ɗakin karatu na intanet da Ƙatar ta kafa tare da babban ɗakin karatu na Birtaniya. A ciki ana kiran mutanenmu Takari, ana ambaton su a matsayin matalautan da guzuri ya ƙare musu, ko bayin da suka gudo ofishin neman 'yanci, domin har 1936 ofishin yana da ikon 'yanta bawan da ya fake da shi. Bullard ya ga kwanakin ƙarshe na mulkin Sharif Husaini da shigar Ibn Sa'ud Makka a 1924, kuma wasiƙunsa na gida sun fi rahotanninsa rai. Amma a duk wannan, alhajinmu lamba ce a cikin jadawali.

Wani gida a Jega ya ba ni amanar takardar izinin tafiya ta kakansu, wanda ya tashi a shekarun 1930 ya bi ta Maiduguri da Fot Lami, wato Injamena ta yau, ya ratsa Darfur, ya tsaya noman auduga a Jazira ta ƙasar Sudan don ya tara kuɗin jirgin ruwa, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi bayan an buɗe madatsar Sennar a 1925. Takardar an naɗe ta huɗu, gaɓoɓin naɗin sun yi laushi har haske na ratsa su. An buga ta da Turanci, akawu ya cike sunan da alƙalami ya kuma ɓata rubutunsa, a ƙasa ga zanen babban yatsa. Bayanta hatimai ne a kan hatimai, har da na wurin killace masu tafiya a Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan. Abin da ya fi tsaya mini shi ne gefen takardar, inda mai ita ya yi amfani da ɗan farin da ya rage ya rubuta da ajami sunayen garuruwan da ya sauka da bashin da ake bin sa a biyu daga cikinsu, ya kuma ja layi a kan guda, alamar ya biya. Idan aka ajiye wannan kusa da rahoton Jidda na shekarar, sai a sami bakin biyu na magana ɗaya.

Irin waɗannan takardu suna nan a Gwandu da Yawuri da Anka da Talata Mafara, da Gusau da Ƙaura Namoda inda jirgin ƙasa ya iso a 1929 ya kawo akawuna da 'yan kamfani, cikin adaka ko gafaka ko ƙarƙashin gadon tsohuwa. Abokan gabarsu sanannu ne: gara da ɓera da ɗigon rufi, da laimar damina wadda ke bin zafin bazara da ya haura digiri 40, sa'an nan hunturu ya busar da takarda har ta riƙa karyewa. Abin mamaki, rubutun malaman ƙarni na 19 ya fi na zamanin En'e ƙarko, domin tsohuwar takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da tsumma aka yi ta, ita kuwa takardar ofis ta shekarun 1920 da 1930 da niƙaƙƙen itace aka yi ta, tana ɗauke da sinadarin da ke cin ta daga ciki, shi ya sa take yin ja tana dagargajewa. Amma ɓarnar da na fi gani ta masu kyakkyawar niyya ce. Mutum zai ɗauki wasiƙar kakansa ya kai shagon kwamfuta a manne ta cikin leda da zafi, yana ganin ya cece ta, alhali ba za a sake fitar da ita ba sai ta yage. Wani kuma ya bi yagewar da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya narke ya bar tabo a kan rubutun. Sai kuma rabon gado, inda ake kasa takardun mutum guda kamar yadda ake kasa tufafinsa, kowane ɗaki ya tafi da 'yan shafuka, wanda bai san darajar nasa ba ya bar yara su kai wa mai ƙosai.

Abin da nake yi idan aka buɗe mini adaka ba shi da tsada. Ba na sauya jerin da na tarar da takardun, domin wanda ya haɗa wasiƙa biyu wuri guda yana da dalili. Nakan cire kilif da fil masu tsatsa a hankali, in ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa da rana, gaba da baya, har da ambulan da shafin da babu komai a kansa. Sa'an nan in sa farar takarda mai tsabta tsakaninsu, a zuba cikin kwali, a ɗora a kan benci nesa da bango da ƙasa, da busasshen ganyen dogon yaro a ƙulle cikin ƙyalle a gefe, ba a kan rubutun ba. A kan wata takarda daban, da fensir, nakan rubuta gidan da aka samo su, da wanda ya nuna mini, da wanda shi ya gada daga gare shi, da abin da tsofaffin gidan suka ce game da mai rubutun. Asalin yana zama wurin masu shi, sai idan su suka nemi in riƙe, kuma nakan ba su shawarar su kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna.

Akwai wurin da nake tsayawa. Takardun gida sukan ƙunshi asalin bauta, da rigimar sarauta, da sunan wanda ya kai ƙarar wani wurin Di'o, kuma jikokin waɗannan mutane suna zaune unguwa ɗaya, wasu ma sun haɗa aure. Wani dattijo a Argungu ya bar ni na ɗauki hoton komai sai wasiƙa guda, ya ce, "Malam, wannan ka karanta da idonka, amma kada ta bar ɗakin nan sai bayan raina." Na ce, "To, Baba, Allah ya ja kwana." A takardar bayanin tarin na rubuta cewa akwai wasiƙa ɗaya da ba a ɗauka ba bisa umarnin mai gida, na sa shekararta da wurin da take cikin jerin, domin mai binciken da zai zo bayana ya san akwai giɓi a nan, ya kuma san wanda zai tambaya.